Ƙugiya da Ɗigo: Sharhi a Kan Matsayin Siffar Harafi a Nazarin Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi diddigin abin da aka rubuta game da rubutun Hausa tun daga farkon ƙarni na 20 zai tarar cewa tambaya guda ce ta fi ɗauke hankalin manazarta, watau wane harafi ne zai wakilci wane sauti, kuma a ina za a raba kalma, a ina za a haɗa ta. Tambaya ce mai muhimmanci, an kuwa yi mata hidima gwargwado. Amma akwai wata da ke biye da ita wadda ba ta sami irin wannan gata ba. Bayan an tsai da harafin, wace siffa zai ɗauka a kan takarda, wa zai zana shi, kuma yaya idon mai karatu zai karɓe shi?

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba rassa uku na ilmi da suka taɓa wannan batu, watau nazarin ƙa'idojin rubutu, da nazarin fasahar Hausawa da rubuce-rubucensu na hannu, da kuma koyar da zane a manyan makarantu, ta nuna abin da kowane ya cim ma da inda ya tsaya. Hujjar da za a kafa ita ce, kowane reshe ya ɗauki rabonsa ya bar siffar harafi a tsakani, har ta zama kamar yaron da kowa a gida ke zaton wani ne ke renonsa.

2.0 Nauyin da Ƙugiya Ke Ɗauke da Shi

Kafin a shiga sharhi, ya kamata a fayyace abin da ya sa wannan magana ta wuce ta ado kawai. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ke nan mai karatu ya riga ya ɗauki nauyin cike waɗannan gurabe biyu daga ma'anar jimla. Abin da rubutun ya yarda ya nuna masa a fili shi ne bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ, da y da 'y. A kan wannan ɗan lanƙwasa ne bambancin baki da baƙi ya rataya, haka kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, da bari da ɓari, da fada da faɗa. Misalin da ya fi kowane fito da abin fili shi ne daidai da ɗaiɗai, inda ɓacewar ƙugiya ke juya ma'ana gaba ɗaya.

To, ita ƙugiyar aba ce da ake zanawa, kuma zanenta yana da matsalolinsa. A ƙaramin ɓ da ƙ takan lanƙwasa ta rufa a kan jikin harafin, saboda haka in aka ƙanƙanta rubutu, ko aka buga a takardar jarida mai shan tawada, sai ramin da ke tsakani ya cike, harafin ya koma kamar b ko k. A ƙaramin ɗ kuwa takan fita waje ta dama, ta yi rumfa a kan harafin da ke biye, har ta yi karo da ɗigon i a kalma irin ɗinki. Inda baƙin ya ninku, kamar a ɗaɗɗaure, ko ƙaƙƙarfa, ko ɓaɓɓake, sai an auna tazara da kyau kafin ƙugiyoyin su zauna lafiya da juna. Daɗin daɗawa, a manyan baƙaƙe Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana komawa hagu ne, alhali a ƙananansu dama take fuskanta, abin da ke da tasiri ga yadda za a koya wa yaro ɗan firamare riƙon alƙalami. Waɗannan duka tambayoyi ne da za a iya aunawa a gwada, amma ba su cikin abin da ake tattaunawa a tarurrukan ƙa'idojin rubutu.

3.0 Rabon Masana Harshe

Tarihin daidaita rubutun boko sananne ne. Hanns Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Kafin ƙugiya ta zaunu, marubuta sun yi ta gwada dabaru, wasu da ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu da ɗan waƙafi a samansa ta gefe. A 1926 aka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, wadda a ƙarƙashin jagorancin Diedrich Westermann ta fitar da shawarwarinta kan rubuta harsunan Afirka a 1927, ta sake bitarsu a 1930. Ra'ayin cibiyar shi ne, gara a ƙirƙiri sabon harafi cikakke da a riƙa jingina wa tsoho ɗigo ko wata alama, domin alamar da ba ta manne da jikin harafi tana da saurin faɗuwa, ko a hannun marubuci ko a injin ɗab'i. A cikin shekarun 1930, zamanin da R. M. East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, baƙaƙe masu ƙugiya suka shiga littattafan Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a 1939, ta kai su gaban jama'a.

Abin lura a nan shi ne, dalilin da ya haifi ƙugiya tun asali dalili ne na ido da na maɗaba'a. Amma tarurrukan da suka biyo baya sun mai da hankali ga wani abin dabam. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1978 wanda ya fitar da jerin haruffa na bai ɗaya don harsunan Afirka, duk sun yi aiki ne a kan jerin haruffa da ƙa'idojin rabawa da haɗawa. Ba laifi ba ne ga masanin harshe ya tsaya a fagensa. Inda gyara yake shi ne, an ɗauka cewa da zarar an rubuta harafi a cikin rahoton taro, to, ya wanzu ke nan, alhali kuwa sai wani ya zuba shi a dalma, ko ya sa shi a tafireta, kafin ya isa ga mai karatu. Shekaru da yawa akawu yakan buga takardar Hausa da tafiretar Turanci, sa'an nan ya bi da alƙalami yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, in ya gaji ya bari.

Batun 'y ya isa misali na abin da rashin duba siffa ke jawowa. A Nijeriya ana rubuta shi da alama biyu, ɗan waƙafi da y, a Nijar kuwa da harafi guda mai ƙugiya, watau ƴ. Ta fuskar sauti babu wani bambanci. Ta fuskar aiki kuwa, kwamfuta tana ɗaukar waƙafin nan a matsayin alamar zance, ta juya fuskarsa in ya zo a farkon kalma, ta yanke kalma irin 'ya'ya gida biyu wajen bincike, ta kuma rikita jerin abacada a ƙamus. Wannan hujja ce da ta cancanci a sa ta a ma'auni duk lokacin da aka koma kan maganar daidaita rubutun ƙasashen biyu.

Akwai yunƙuri guda da ya haɗa masana harshe da mai zanen haruffa, shi ne na shekarun 1980, lokacin da cibiyar harsuna ta tarayyar Nijeriya ta nemi samar da zubin haruffa ɗaya da zai wadaci harsunan ƙasar. Kay Williamson da Victor Manfredi suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki, Hermann Zapf na Jamus kuma, wanda ya zana haruffan Palatino da Optima, ya ba da hannu. Aiki ne abin yabo, kuma ya nuna an gane cewa harafi yana bukatar gwani. Sai dai damuwarsa ita ce a tattara kowane harafi na kowane harshe a wuri guda, bai kuwa zama ruwan dare a maɗaba'un Kano da Zariya ba.

4.0 Rabon Masana Fasaha da Rubuce-rubucen Hannu

Reshe na biyu ya fi na farko kusa da ido. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazari mai zurfi a kan ɗinkin riga da hula, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ta hanyar irin aikinsa ne aska takwas da aska biyu da tambari suka shiga rubutun masana da sunayensu na Hausa. J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausawa a 1985, inda aka ba bakan gizo da adon bango haƙƙinsu, aka kuma ɗaukaka aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya. Salah Hassan, a littafinsa na 1992, ya matso kusa da rubutu, ya dubi malami a matsayin mai fasaha, ya dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani.

A ɓangaren rubuce-rubucen hannu, A. D. H. Bivar ya buɗe fagen rarrabe salon rubutun Larabci na Afirka ta Yamma a shekarun 1960. Andrea Brigaglia ya yi nazarin salon Kano a maƙalarsa ta 2011, inda ya nuna yadda ɗaukar hoton rubutun hannu a buga shi da inji ya yaɗa salon Kano a kasuwanni, ya kuma fito da matsayin marubuta irin Sharif Bala Gabari. A 2013 shi da Mauro Nobili suka bi da nazarin salon Barno. Waɗannan ayyuka sun kawar da tsohon zaton cewa rubutun ƙasar Hausa gurɓataccen rubutun Magariba ne kawai, sun tabbatar cewa salo ne mai tarihinsa da ƙa'idojinsa.

Duk da haka, akwai iyaka biyu. Ta farko, masanin fasaha yakan dubi shafi ne a matsayin ado, masanin rubutun hannu kuma yakan dube shi don ya gano zamani da wurin da aka rubuta shi. Ba kasafai ake dubansa a matsayin tsari da aka yi don sauƙaƙa karatu ba. Alhali kuwa shafin Alƙur'ani bugun hannu cike yake da irin wannan tsari: baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, alama dabam ga ƙarshen aya, kumsa ga aya ta biyar, kuri ga ta goma, da zayyanar gefe da ke nuna hizbi da rubu'i da sumuni. Tun da yake ganyayen ba a ɗinke suke ba, a gafaka ake ajiye su, sai a rubuta kalmar farko ta ganye mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata don kada jeri ya rikice. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan amsa ce ga wata matsala ta mai karatu. Iyaka ta biyu ita ce, wannan reshe ya tsaya a bakin ƙofar boko. Shafin jarida, da littafin firamare, da bangon littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, da rubutun jikin manyan motoci da allunan shaguna, ba su sami irin kulawar da allon zayyana ya samu ba, ko da yake su ne idon jama'a ya fi gani kullum.

5.0 Rabon Makarantun Zane

Reshe na uku shi ne wanda aka fi sa ran zai ɗauki nauyin. Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya tashi daga Ibadan ya koma Zariya a 1955, kwalejin kuma ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi yarda a koya musu zane kamar a Ingila suke, suka nemi a gauraya dabarun Turai da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo ya gina salo a kansa. Wannan tawaye ya canja tarihin zane a Nijeriya, amma amfaninsa ya fi bayyana a zanen hoto da sassaƙa. Abin mamaki shi ne, a garin da makarantar take, a unguwar Tukur-Tukur, akwai Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda ake ta fama da ƙugiya kowace rana. Tarihin makarantar zanen da tarihin maɗaba'ar, kamar yadda aka saba rubuta su, kowane hanyarsa yake bi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Darasin zanen haruffa da aka gada daga Ingila an gina shi ne a kan haruffa 26 na Ingilishi. Ɗalibin da ya ƙware a kansu yakan ɗauki ɗ a matsayin d da aka liƙa wa wutsiya, maimakon harafi mai zaman kansa wanda ke bukatar a daidaita kaurinsa da faɗinsa da tazararsa tun daga tushe.

Kwatanci da wasu wurare zai nuna cewa ba dole ne abin ya kasance haka ba. A Jami'ar Reading ta Ingila akwai sashe na musamman don nazarin tsara haruffa da shafi, inda ake ɗaukar rubutun da ba na Turawa ba da muhimmanci. Fiona Ross ta rubuta littafi sukutum a 1999 kan tarihin harafin Bengali a ɗab'i, tana bin siffarsa daga zubi zuwa zubi. A wannan sashe ne Victor Gaultney ya zana haruffan Gentium, waɗanda suka ƙunshi baƙaƙen Hausa masu ƙugiya. A Zimbabuwe kuma Saki Mafundikwa ya kafa makarantar zane a Harare a 1999, ya fitar da littafi kan rubuce-rubucen Afirka a 2004, da nufin ɗalibin zane ya fara da haruffan nahiyarsa. Irin littafin Ross shi ne abin da harafin Hausa ke jira.

6.0 Abin da Giɓin Ya Haifar

Sakamakon wannan rarrabuwa ya fito fili da zuwan kwamfuta. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffan Rabi'at, wanda ya ba marubuta da maɗaba'u damar buga ƙugiya ba tare da bi da alƙalami ba. Ya share hawayen jama'a a lokacin da ake cikin matsi. Dabarar ita ce a ɗora baƙaƙen Hausa a gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba. Illar da ta biyo baya ita ce, in aka buɗe rubutun a injin da ba shi da wannan zubi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Kundayen digiri da maƙalu masu yawa suna nan a wannan hali, mai neman kalma a cikinsu ta intanet ba zai same ta ba.

Tsarin Yunikod, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya ƙunshi baƙaƙen Hausa tun farkon shekarun 1990. Amma ya raba su gida biyu: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masana furuci, manyansu kuwa da ƙ suna wani rukunin. Mai zanen haruffa a Turai yana iya cika rukuni ɗaya ya bar ɗayan, sai kwamfuta ta aro abin da ya rage daga wani zubin. Shi ya sa ake ganin shafi da ɗ ɗinsa ya fi sauran haruffa kauri ko tsawo, kamar baƙo a cikin sahu.

Ajami ma bai tsira ba. A ruwayar Warshu da ake karatu da ita a ƙasar Hausa, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo guda take da shi a sama. A rubutun Gabas kuwa ɗigo guda a sama fa yake nufi. Ke nan zubin haruffan da aka yi don Misira ko Labanan yana iya sa almajiri ya karanta fa a matsayin ƙaf. Zubin Alkalami da ƙungiyar SIL ta fitar a 2017, wanda aka gina a kan salon rubutun Kano, ya rage wannan matsala. Abin tambaya ga jami'o'in ƙasar Hausa shi ne, me ya sa irin wannan aiki bai fito daga cikinsu ba?

7.0 Darasi Daga Makarantar Allo

Wani zai ce Hausa ba ta da kalmomin da za a yi irin wannan nazari da su. Makarantar allo ta riga ta amsa wannan. Sunayen da ake koya wa yaro a matakin babbaƙu sunaye ne na siffa: ba guje, mim jaye, lam jaye, nun guda, nun ara, ha kuri, ha babba, ha ƙarami, shin mai ruwa. Harafi guda yana da suna fiye da ɗaya gwargwadon yadda ya zauna a farko ko tsakiya ko ƙarshen kalma, ɗigo kuma ruwa ake ce masa. Watau tun kafin yaro ya kai ga farfaru ya san cewa harafi jiki ne mai kai da ciki da wutsiya, kuma siffarsa tana sauyawa da maƙwabcinsa. A tsangaya, wanda ke koyar da sauti shi ne ke koyar da siffa, shi ne kuma ke feƙe alƙalami ya dama tawada. Abin da jami'a ta raba wa sassa uku, alaramma ɗaya ne ke riƙe da shi.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ayyuka huɗu sun fito waɗanda ɗaliban babban digiri za su iya ɗauka. Na farko, a bi littattafai da jaridun Zariya tun daga shekarun 1930, a tattara siffofin ƙugiya bugu bayan bugu, a rubuta tarihin harafin boko kamar yadda aka rubuta tarihin ƙa'idojinsa. Na biyu, a gwada zubi dabam-dabam a kan yaran firamare da ɗaliban yaƙi da jahilci, a auna wanda ya fi rage tuntuɓe tsakanin d da ɗ, don masu buga littattafan makaranta su sami hujjar zaɓi. Na uku, a tattara kalmomin sana'a daga bakin alarammomi, da masu jera haruffa a maɗaba'u, da masu rubuta alluna, kafin a zauna ƙirƙiro sababbi. Na huɗu, a mai da kundayen da aka buga da tsohon zubi zuwa Yunikod tun injinan da ke iya buɗe su suna nan.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sashe guda zai iya shi kaɗai. Masanin harshe ya san abin da dole a bambanta, mai zane ya san yadda za a bambanta shi, malamin aji kuma shi ke ganin inda yaro ke tsayawa yana kokonto. Muddin sashen Hausa da sashen zane ba su haɗa ɗalibansu a darasi guda ba, to, shawarar yadda ƙugiya za ta kasance za ta ci gaba da fitowa daga hannun waɗanda ba sa karanta Hausa, mai karatu kuwa ya ci gaba da cike giɓin da zato.